Sa Hannuna a Kan Satifiket Goma Sha Huɗu

Kafin in ce komai, bari in fara da ku masu cika min waya da "ki yi haƙuri, namiji ne." Na gani, na karanta, ban kuma ɗauka ba. Wata ma har da rubuto min wai aikin ofis ne ya fasa min kai. To 'yar uwa, gyara zama ki ji abin da ya faru tsakanin Alhamis da Lahadi, in ya so sai ki sake rubutowa in kina da sauran bakin magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: shekaruna ashirin da bakwai, ni ce auta, daga ni sai Mama a gida tun da yayyena suka watse gidajensu. Aikina kula da horon ma'aikata a wani kamfani da ke rarraba tayil da kayan banɗaki. Wanda zan aura, ko in ce wanda ake cewa zan aura, shi ma a kamfanin yake, shi ne shugaban babban sito. Mutanensa Mai Agogo suke ce masa, don ba ya minti biyu bai ɗaga hannu ya duba lokaci ba. Mahaifiyarsa, Umma, ƙawar Mama ce tun ba a haife ni ba. Kuma kar wani ya ce dole aka yi min, ni da bakina na ce ina so. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Da na kama aikin nan, da biro da waya ake komai. Mutum ɗari uku da ɗoriya, kowa da ranar da bitarsa ke ƙarewa, ni kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, kai ka ce don ni za su yi. Da na gaji sai na nemo wata manhaja. Ban iya rubutun nan na masu ƙera manhaja ba, ko layi ɗaya, kuma ba a buƙatarsa. Akwatuna ne kake jawowa a kan allo kana haɗa su da kibiya. Wannan ya ce in lokacin bitar mutum ya yi, a tura masa bidiyo a waya. Wancan ya ce in ya kwana uku bai buɗe ba, a tuna masa. Ya gama kallo, tambayoyi goma su zo. Ya ci, satifiket ya faɗo wayarsa da kansa, ko da ina gida ina wanki. Don in huta da sa hannu sau ɗari uku, sai na ɗauki hoton sa hannuna na liƙa a ƙasan satifiket ɗin. Ranar har tafa wa kaina na yi, wai ni mai dabara.

Akwai akwati ɗaya na ƙarshe da ba ni na so shi ba. Shugabar sashen kare lafiyar ma'aikata ce ta sa na ƙara, wadda muke kira Madam Hular Kwano saboda ko taro za ta shiga hular tana hammatarta. Aikin akwatin ya tara sunan duk wanda ya gama bita da saurin da hankali ba zai ɗauka ba, ya tura mata ranar Litinin ta farkon wata, ƙarfe takwas na safe. Wata bakwai bai kama kowa ba, har na manta da shi.

Ranar Alhamis wajen sha ɗaya, ina shan shayin da ya riga ya huce, sai ga Baban 'Yan Biyu ya leƙo. Direban motar ɗaga kaya ne a sito, dattijo mai furfura a gemu, shekararsa goma sha tara a kamfanin. Ya tsaya bakin ƙofa yana karkaɗe ƙurar siminti daga wandonsa.

"Malama, godiya na zo yi. Takarda ta shigo wayata. 'Yata ta karanta min, ta ce goma bisa goma na ci."

Na ji daɗi har raina. Na ce, "Kai Baba, madalla! Ya ka ga bidiyon? Bai yi tsawo ba?"

Ya dube ni. "Wane bidiyo?"

Na ajiye kofin shayin.

"Ai Shugaba Mai Agogo ya ce duk wanda saƙo ya shigo masa ya tura masa, shi zai ji da sauran. Kin san ba ya son a tsayar da lodi." Yana faɗa yana murmushi, shi a tunaninsa labarin alheri yake ba ni.

Yana fita na buɗe akwatin Madam. Jama'a, sunaye goma sha huɗu ne a jere suna jiran Litinin, direbobin sito kaf. Bidiyon minti arba'in ne, kowannensu a minti huɗu ya gama. Ɗaya na gamawa ɗaya na farawa, duk a rana ɗaya lokacin cin abinci, duk daga waya ɗaya, kuma kowa goma bisa goma. A ƙasan kowane satifiket ga sa hannuna ɓaro-ɓaro, ina shaida cewa mutumin nan ya san yadda ake tuƙa sababbin motocin.

Kuma ba bidiyon banza ba ne. Wata biyu ke nan da aka sauya motocin ɗaga kaya zuwa masu batir. Tsofaffin tun daga nesa kake jin rurinsu ka kauce. Waɗannan ba sa ƙara ko kaɗan, sai dai ka gan su a gabanka. Duk bitar a kan wannan take: danna hon a kowace kwana, rage gudu a bakin layi, kar a juya da kaya a sama.

Ranar Juma'a da safe na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da alƙali, na yafa baƙin mayafi, na ɗora rigar nan mai ƙyalli ta shiga sito, na sauka. Na same shi a ɗan ofishinsa na gilashi, farar riga an goge ta tas, hannun a naɗe, turaren da na saya masa ya cika ɗakin.

"A'a, ranki ya daɗe, yau a ƙasa?" Ya duba agogo. "Minti biyar nake da shi, tirela uku na jira."

Na buɗe kwamfutar ofis da na sauko da ita, na juya masa allon. Ya kalla, ko gezau.

"To sai me?"

"Sai me? Kai ka yi musu jarrabawar!"

"Rage murya." Ya tura ƙofar da ƙafa. "Mutum goma sha huɗu, minti arba'in-arba'in. Wa zai loda min mota? Ke a sama kike cikin sanyi kina haɗa akwatuna. Rabinsu karatun ma da ƙyar. Baban 'Yan Biyu yana tuƙi tun kina firamare, ke za ki koya masa da bidiyo?"

"Ba wannan motar yake tuƙawa ba tun ina firamare. Da ka faɗa min, da na sauko na zauna da su uku-uku, in karanta musu tambayoyin da bakina. Ko yanzu zan yi. In soke waɗannan, su sake."

"In kin soke, rahoton zai fasa zuwa wa matar can?"

"Ba zai fasa ba."

"To me na ci ke nan?" Ya matso, ya sassauta murya, irin wadda yake min a waya. "Auta, kin san wata mai zuwa za a zaɓi wanda zai riƙe sito uku gaba ɗaya. Sunana ne a sama. Gidan da muka je muka gani, da me kike zaton za mu zauna a ciki? Akwati ɗaya ne fa. Ke kika nuna min da hannunki, kika ce ɗan maɓalli ne a gefe, a taɓa shi ya yi barci. Ki taɓa shi zuwa Talata."

Eh, na nuna masa. Lokacin ana ɗasawa, ya zo ofishina yana yaba min kai, ni kuma baki har kunne ina ta bayani. Ku yi min dariya, na cancanta.

Na ce, "In motar nan ta taka wani, takardar wa za a ɗauko?"

"Ba za ta taka kowa ba."

"Sa hannun wa ke jiki? Naka?"

Ya haɗe rai. Ya sake duba agogo. "Minti biyar ɗin sun cika."

Wallahi da ƙyar na haɗiye abin da ya zo min baki. Na fito ina huci, na bi ta layin tayil ɗin bango. Ina kaiwa kwana sai na ji ihu. Matar da ke ƙidayar kaya ce ta yi tsalle baya, allon rubutunta ya yi sama, motar ta wuce ta da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Ba hon, ba komai. Direban ya taka birki, kwali biyu suka zamo daga sama suka tarwatse a inda take tsaye daƙiƙa biyu da suka wuce. Ta dafe ƙirji tana salati. Cikin wata shida ne da ita. Direban kuwa har da faɗa, wai me ya sa ba ta duba ba. Shi ma goma bisa goma ya ci, da sa hannuna.

Da yamma saƙonninsa suka fara shigowa.

*Kin isa gida lafiya?*

*Na san ranki ya ɓaci. Nawa ma ya ɓaci.*

*Matar da ba za ta rufa wa mijinta asiri a ƙaramin abu ba, ina ga babba?*

Na rubuta masa: *Ba ka zama mijin ba tukuna.* Ya karanta, bai amsa ba. Ashe wata hanyar ya bi.

Asabar da hantsi ina tsugunne a tsakar gida ina wanke labulen falo, Mama ta fito da waya a hannu, gilashinta a kan hanci. Tun daga yadda take jan silifas na san an kai ƙarata.

"Auta, me yaron nan ya yi miki kike son ki raba shi da abincinsa?"

"Mama, ƙarya ya yi da sunana."

"Ke rufe min baki! Ƙarya? Taimakon na ƙasa da shi ya yi. Uwarsa ta kira ni tana kuka. Shekara talatin muna tare da matar nan, ranar da mahaifinki ya rasu ita ta kwana tana riƙe da ni. Yanzu in dubi idonta in ce 'yata ce ta kai ɗanta ƙara?"

"Ba ni zan kai ba, da kansa yake tafiya."

"Wa ya haɗa shi? Aljani?" Ta nuna ni da wayar. "Abin da kika ƙulla da hannunki ki ce ba ki iya kwancewa? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina soyayya da kwamfuta. An samu mai hankali ya zo, za ki kore shi a kan wata takarda."

Na ba ta labarin mai cikin da ta kusa mutuwa. Ta ce, "To ta mutu ne?" Na rantse muku haka ta ce. Na ci gaba da cuɗa labule har yatsuna suka yi ja, ita kuma ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Kafin azahar yayata ta kira, babban yayanmu ya kira, har matar kawu da ba ta taɓa tambayar a ina nake aiki ba ta turo min murya ta minti shida. Ban saurara ba, na goge.

Lahadi bayan la'asar Mama ta ce in shirya, Umma za ta zo da shi a sasanta. Ta shimfiɗa sabon kafet, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai an yi baƙon kunya, ta ajiye min rigata mai ruwan zuma a kan gado, wai ita ta fi yi min kyau. Ina zaune ina jera sunayen direbobin uku-uku don bitar da zan yi musu, ta leƙo ta ce, "Tashi ki yi wanka, sun kusa." Na tashi na bar kwamfutar a buɗe a kan gado. A ɗakina, a gidan ubana, me zan rufe?

Na fito, na shafa mai, na sa rigar, na ɗaura ɗankwali. Sai na lura gadon ba komai sai filo. Daga falo kuma ina jin dariyar Umma.

Na shiga ko sallama ban yi ba. Umma na kan doguwar kujera da kofin lemo. Mama na gefenta. Shi kuma yana kan kujerar Baba, wadda ko yayyena ba sa zama a kai, kwamfutata a kan teburin gabansa an rufe ta, ya ɗora mukullin motarsa a sama.

"Ga amaryarmu," in ji Umma. "Zo nan kusa da ni, 'yata."

Ban je ba. Na ture mukullin ya faɗi ƙasa, na buɗe kwamfutar a tsaye. Akwatin Madam ya koma toka-toka, alamar an kashe shi. Na shiga inda manhajar ke rubuta duk abin da aka taɓa da wanda ya taɓa. Layi ɗaya ne sabo. An kashe rahoto, ƙarfe biyar saura minti takwas. A gaban wanda ya kashe, cikakken sunana.

"Wa ya ɗauko min kwamfuta daga ɗaki?"

"Ni ce," in ji Mama, ko kunya babu. "Kin ce ba za ki iya ba, na kawo wa wanda zai iya. Magana ta ƙare, zauna ki gaida mutane."

Na juya gare shi. "Ka san da sunana ya fita?"

Ya gyara zaman agogonsa. "Na sani. Shi ya sa nake ba ki shawara ki bar shi haka. Ba mai duba wurin nan in rahoto bai je ba. In kika kunna kuwa, za a ga kin kashe kin kunna, sai a tambaye ki dalili. Yanzu ni da ke jirgi ɗaya muke ciki, Auta. Ai haka aure yake."

Kun ji fa. Ba cikin fushi ya faɗa ba, cikin kwanciyar hankali, har da ɗan murmushi. Wato tun kafin ya zo ya gama lissafinsa: bai isa ya sa ni yin shiru ba, sai ya shafa min laifin yadda dole in yi. A gidanmu, a kujerar mahaifina, da hannun uwata. A lokacin na ji na tsane shi, tsana irin wadda ban san ina da ita ba.

Na ce, "Umma, ki yi haƙuri da abin da za ki gani."

Na taɓa maɓallin, akwatin ya dawo kore. Ban tsaya jiran Litinin ba. Akwai wani wuri a sama da ke cewa a tura yanzu, na danna shi.

Ya miƙe zumbur. "Me kika yi?"

"Duba agogonka, ka riƙe lokacin da kyau. Za a tambaye ka."

"Ke mahaukaciya ce? Kanki kika kashe!"

"Fitar min daga kujerar ubana."

Umma ta dire kofi har lemon ya zube a sabon kafet. Ta ce wa Mama, "Wannan kika haifa? Wannan kike so in kai gidan ɗana?" Mama ta riƙo mayafinta tana ba ta haƙuri, ta fizge. Shi ya sunkuya ya ɗauki mukullinsa, ya tsaya dab da ni har ina jin turaren nan, ya ce a hankali, "Ni ban taɓa kwamfutarki ba. Ki nemo mai shaida." Suka fita, ya buga ƙofar gida har hoton da ke bango ya karkace.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da rigar kwalliyata. Ban yi kuka ba, kar ma ku sa rai. Ko minti ashirin ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Madam Hular Kwano ce, matar da ko ranar hutu ba ta hutawa.

*Na ga sunaye goma sha huɗu. Na dakatar da motocin sito har sai an sake bita. Na kuma ga an kashe rahoton yau da yamma da sunanki. Gobe kafin ki shiga ofis ki same ni a sama da kwamfutar. In ba ke kika kashe ba, ina son sunan wanda ya kashe, da sunan wanda ya ba shi kayan kamfani. A rubuce.*

Na karanta sau uku. Motocin sun tsaya, wannan kam na ji sanyinsa. Amma in na ce ni ce, aikina ya tafi, kuma ba kamfanin da zai sake yarda da takardar da na sa wa hannu. In na ce shi ne, ya riga ya faɗa min zai musa, kuma mutum biyu ne kawai suka gani. Ɗaya uwarsa ce.

Ban ji shigowarta ba. Na waiga na ga Mama dab da ni, ta cire gilashin, ɗankwalinta ya zame baya, tsumman goge kafet a hannunta yana ɗiga. Ashe ta daɗe a tsaye a bayana, ta karanta saƙon ta saman kafaɗata. Duk faɗan nan na kwana biyu babu shi a fuskarta.

"Auta," ta ce, muryarta can ƙasa. "Sunana za ki rubuta musu?"